Kwana Uku Kafin a Tafi da Habibu

Laraba: daga gida zuwa Kebbe

Na bar gida ran Laraba ana idar da sallar asuba, taurari ba su gama ɓacewa ba. Ban yi sallama da kowa ba. Na ƙulle goro biyar a bakin zane, na ɗauki butata da 'yar ƙwaryar fura, na zaga ta bayan rumbu don kada in bi ta ƙofar ɗakin da anka ɗaure jikana. Duk da haka sai da na ji ƙarfen marin da ke ƙafarsa ya yi ƙara da ya juya. Wanda bai taɓa jin mari na kuka a ƙafar jininsa ba, kada Allah Ya jiyar da shi.

Ku dangi da ke nesa, bari in ba ku mafarin abin. Ni ban san baƙi ba, Asabe ɗiyar ƙanwata ke rubuta abin da nike faɗi. Habibu ɗan marigayi Umaru ne, ɗana na biyu, kuma a bayana ya girma. Shekararsa ashirin da fuɗu. Rani biyu yana zuwa Tambuwal buga bulo, da ya dawo farkon daminar bana sai ya dawo da wani hali. Kullum da sassafe kafin a tafi gona zai shiga filin bayan rumbu, ya buɗe ƙafafu, ya zauna bisa kujerar da babu ita, har gumi ya jiƙa masa riga. Sannan ya miƙe ya yi ta naushi da shuri, yana kaucewa, yana juyi, alhali babu kowa gabansa. In an kira shi ba ya amsawa. Ido kafe wuri guda. Can kuma sai ya daka tsawa.

Ni na fara gani, ni kuma na kai maganar ga baffansa, ɗana na fari, wanda bakina ba ya faɗin sunansa, Babba nike ce masa. Cewa na yi a nema wa yaron rubutu ya sha. Iyakar abin da na ce ke nan. Babba ya je da kansa, ya kira shi sau uku, Habibu bai waiwaya ba. Kafin azahar maza shida sun danne shi, maƙeri ya buga masa mari. Ya yi ta rantsuwa cewa wasan Chainis ne, wani Masta Bello ya koya masa a Tambuwal. Sunka ce ai kowane mahaukaci cewa yake lafiyarsa lau. Babba ya yanke magana: ran Asabar mota za ta zo ta kai shi gidan wani malami can nesa, inda ake tsare irinsu shekara guda, ga mari ga bulala. Da na buɗe baki sai ya ce, "Inna, ke kika gani, ke kika faɗa." To, kwana uku ke gare ni. Na ce sai na ga wannan Masta Bello da idona, in sammu ya yi wa yaron ya kwance, in kuwa gaskiya yaron ke faɗi in ji ta daga tushe.

A bakin hanya na tarar da mai kabu-kabu yana goge babur.

"Inna, ina zuwa da duhun ga?"

"Kebbe. Tada abinka, ba fira na zo ba."

Ya duba waya ya ce shida saura minti goma. Hanya duk caɓi. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, a kwazazzabon da ke tsakani kuma ruwa ya kai mini gwiwa. Da munka haye sai bakinsa ya buɗe.

"An ce garinku wani saurayi ya taɓu, shina dambe da aljannu, har ya karya wa guda hannu."

"Kai ka yi wa aljanin ɗori?"

"A'a, Inna, ji na yi."

"To riƙe kan babur, ka bar abin da ka ji."

Munka isa tashar Kebbe ƙarfe bakwai da rabi.

Kebbe zuwa Tambuwal

Motar ta mutum biyar ce, direba ya ce ba ya tashi sai mun cika takwas. Na zauna kan benci ina kallon rana na hawa, ranar da nike da buƙatarta. Wata mai ƙosai ta miƙo mini uku a takarda ta ce in karya. Na karɓa na gode, amma ban ci ba. Sai ƙarfe goma munka tashi, buhun gero biyu a bayanmu, akuya ɗaure bisa su.

Shinge biyu munka wuce. Na farko na 'yan sa-kai ne, sunka leƙa fuskokinmu sunka ɗaga sanda. A na biyu wani mai kaki ya nuna cinyata.

"Mama, mene ne cikin ƙwarya?"

"Fura ce, ɗana. Buɗe ka gani, amma ka gaggauta."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Ni ban yi ba. Tafiya ta yi tafiya, rami ya ba rami, mun shiga Tambuwal ɗaya saura kwata, ana shirin kiran azahar.

Tambuwal

Gidan Asabe na sauka. Malamar firamare ce, an yi sa'a makaranta na hutu. Ta kawo ruwa, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, na ce a rufe sai mun dawo. Munka je inda ake buga bulo. Sun san Habibu, har wani ya ce ba su taɓa samun mai juriyarsa ba. Da na tambayi Masta Bello sunka ce mai walda ne, rumfarsa na bayan kasuwa. Munka je, rumfa a kulle. Maƙwabcinsa tela ya ce ya tafi Dogon Daji haɗa wata ƙofa, can zai kwana, don duk safiyar Alhamis yana koyar da mutanen can a filin ƙwallo.

Na tsaya gaban rumfar nan ina kallon kwaɗo. Yini guda ya tafi a banza. Na ce wa telan, "Mutum ya jefa ɗan mutane cikin ƙarfe, shi kuma ya tafi yi wa wasu ƙofa." Tela ya dubi Asabe, Asabe ta ja ni munka tafi. Tuwon na ci loma uku bayan magariba, don ta rantse ba za ta raka ni ba in ban ci ba.

Alhamis: Dogon Daji

Shida saura kwata muna cikin mota. Wannan hanyar kwalta ce, kafin shida da rabi mun sauka. Wani mai shayi ya nuna mana filin da ludayinsa.

Na tsaya a bakin filin ina kallo. Mutum wajen ashirin, sahu fuɗu, kowa zaune bisa kujerar da babu ita. Akwai samari, akwai magidanta, akwai wani mai furfura a gemu. Gabansu wani siririn mutum gajere ya tafa hannu sau ɗaya, sai duk sunka miƙe tare, sunka dunƙule hannun dama cikin tafin hagu, sunka fara. Naushin Habibu. Shurin Habibu. Juyin nan nasa da na gani ta bayan rumbu har na kasa barci. Inda yake tsawa nan sunka yi tsawa, baki ɗaya. Na rayu shekarun da na rayu, na ga masu taɓin hankali ba ɗaya ba, ban taɓa ganin hauka ta yi sahu ba.

Ban jira sun gama ba. Na ratsa tsakiyarsu na cafki rigar gajeren.

"Kai ne Bello?"

"Ni ne, Inna. Lafiya?"

"Ina lafiya? Ka san Habibu na ƙasar Kebbe?"

"Habibu dogo mai bulo? Ai ba ni da ɗalibi kamarsa."

"To ɗalibinka na cikin mari yau kwana tara. Jibi za a kai shi gidan bulala."

Na faɗa masa komai a gaban mutanensa. Ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Hannunsa duk tabon wutar walda. Da ya ɗago ya ce in zauna, zai nuna mini. Na ce a tsaye zan gani.

Ya ce sunan abin kunfu, ya koye shi a Kaduna wurin wani tsoho da ya yi aiki da mutanen Sin a masaƙa. Zaman nan na babu kujera, in ji shi, gina ƙafa ne. Sabon shiga yakan yi wata uku yana yinsa kafin a koya masa naushi ko ɗaya, don ginin da ba shi da tushe ruwan farko ke kai shi ƙasa. Na ce na ji, amma wa suke bugu?

Ya kira mai furfurar nan ya ce ya kawo masa naushi da gaske. Dattijo ya kawo. Bello ya ture hannun gefe, ya matsa gaba, ya ɗora tafi a ƙirjinsa. Ya ce ya kawo shuri. Ya kawo, Bello ya durƙusa ya share masa ƙafa, sai ga gemu a ƙasa ana dariya. Sannan ya ce dattijo ya koma gefe, ya sake yin duk abin shi kaɗai, daidai da daidai. A lokacin na ga wurin da mutumin ya kamata ya tsaya, na ga inda hannunsa zai fito.

"Kowane motsi amsa ce, Inna," in ji shi. "Magabatan mutanen Sin sun jera amsoshin ɗaya bayan ɗaya don kada su ɓace, ana maimaita su kullum har jiki ya riƙe ba sai an yi tunani ba. Ranar da abokin faɗa ya zo babu lokacin tunawa."

Na tuna yadda 'yan mata ke tuƙa tuwon ƙasa da tsinke tun ba a ba su muciya ba, babu kuma mai cewa sun taɓu. Zuciyata ta ƙara tafasa, wannan karon har da kaina a ciki.

"To kiran fa? Baffansa ya kira shi sau uku."

Ya sunkuyar da kai. "Dokata ce. In an fara jeri ba a tsayawa, ba a magana, ba a waiwaye har a kai ƙarshe. Wanda ya tsaya ko ya yi kuskure, farko yake komawa."

"Kai ɗan wane gari ne?"

"Tambuwal, Inna."

"A gidanku in ubanka ya kira ka, cewa kake ya jira ka gama wasa? Ka ɗauko dokar mutanen da ba ka taɓa ganin garinsu ba, ka ɗora wa maraya, ka tura shi ƙauye, ba ka ce masa kiran manya ya fi ƙarfin dokarka ba? Shi ya bi ka, ya ƙi baffansa, ga shi can ƙarfe na cin ƙafarsa!"

"Na yi kuskure, Inna. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Zo mu tafi yanzu, in yi musu bayani."

Na ce ya zauna. Mazan garinmu sun yi rantsuwa duk ranar da sunka ga wanda ya yi wa Habibu wannan aiki, sanduna za su gaishe shi kafin baki. Asabe ta ce to a ɗauka a waya a kai musu. Na ce na san ɗan da na haifa, zai ce fim ne irin na gidan kallo, babu abin da ya haɗa shi da jikana. Na dubi sawun ƙafafunsu a ƙasa. Sai na tambayi Bello ko kullum iri ɗaya ake yi, babu ragi babu ƙari. Ya ce ko a Kebbe ko a ƙasar Sin, motsi ashirin da bakwai ne a wannan jerin, tsawa uku, kuma inda ƙafa ta fara nan take ƙarewa.

Na ce, "To yi mini. Ni zan ɗauka a kai."

Ya yi a hankali, ina sa wa kowane motsi suna yadda zan riƙe. Mai tura ƙofa. Mai sauke tulu. Mai jan guga, hagu da dama. Shamuwa ta ɗaga ƙafa. Mai shara. Mai leƙen rijiya. Ya ce mutanen Sin ma haka suke sa musu sunayen tsuntsaye da dabbobi, na ce su ta shafa. Ya zana mini hanyar a ƙasa da tsinke: a miƙe gabas, a juyo yamma kamar mai huɗa, a sake komawa, a dawo. Sau tara ya yi, rana na dukansa, ɗalibansa duk sun watse sai dattijon. A na tara ni ke kiran motsi kafin ya yi shi. Sau ɗaya na sa mai shara gaban shamuwa, ya ce, "Farko, Inna." Na harare shi, na koma farko.

Ya sayo mana waina da miya a bakin kasuwa. Wannan na ci. Ƙarfe biyu munka koma Tambuwal, na yini ina bitar abina a tsakar gidan Asabe.

Juma'a: komawa

Ni kaɗai na kamo hanya, ƙarfe shida. Hadari ya haɗo tun muna tasha, kafin shingen farko ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sau biyu mota ta kafe maza sunka fita turi. Ni ina kujerata, leɓena na motsi, ashe hannuwana ma na yi ban sani ba. Matar da ke gefena ta janye ɗanta, ta matsa jikin ƙofa, tana satar kallona.

Na ce, "Yi tambaya, ɗiyata. Baki gare ni."

Ta ce ba komai. Haka ake fara wa mutum, da ba komai.

Kebbe sha biyu da rabi. Masu kabu-kabu sunka ce kwazazzabo ya cika, babu mai zuwa. Na samu ɗaya ya kai ni bakin ruwan, na zauna kan dutse awa biyu ina jiran ya janye. Wani Bafulatani ya zo da amalanken shanu, na roƙe shi, ya ɗora ni bisa buhunan taki ya haye da ni, ya ƙi karɓar ko goro. Sauran na taka da ƙafa. Na shiga gari ana fitowa sallar la'asar, zanena jiƙe har ƙugu.

Gida

Ban shiga ɗaki ba. Ƙofar masallaci na nufa, inda mace ba ta tsayawa, na tsaya. Babba ya taso.

"Inna, ina kika shiga kwana uku? Mun nema har..."

"Ba da kai na zo magana ba." Na juya ga Liman, wanda tare munka yi ƙuruciya. "Malam, tambaya gare ni. Mahaukaci, ana sanin abin da zai yi kafin ya yi?"

"Allah kaɗai Ya san wannan, Hajiya."

"To in na faɗi duk abin da Habibu zai yi, ɗaya bayan ɗaya, tun bai yi ba, fa?"

Babba ya ce ba za a cire mari ba, mota gobe da safe. Liman ya ce a cire na ɗan lokaci, ga maza nan kewaye, ina zai je? Anka kira maƙeri. Anka fito da Habibu filin bayan rumbu, gari duk ya taru, mata na leƙe ta kan danga. Da ƙarfen ya fita na ga idon sawunsa, fata ta saɓule, ƙuda na bi. Na kau da kai don kada muryata ta karye. Ban yi masa magana ba, don kada a ce mun haɗa baki.

Na ɗebo toka a murhu na zuba inda zai tsaya. Na ce wa Liman ya riƙe carbi: motsi ashirin da bakwai, tsawa uku, a na tara da na sha takwas da na ashirin da shida, kuma a kan tokar nan zai ƙare. Na juya wa yaron baya, na fuskanci jama'a, don su san ba kallonsa nike ba.

"Zai dunƙule dama cikin hagu. Zai tura ƙofa. Zai sauke tulu."

Ina faɗi ina jin numfashin mutane na canzawa. A na tara ya yi tsawa, wata mata ta yi salati. Na kira jan guga, na kira juyin yamma. Na ce shamuwa za ta ɗaga ƙafa. Sai na ji faɗuwa, tim. Ƙafar da ƙarfe ya ci ta kasa ɗaukarsa. Wuri ya kaure. Na ji muryar Babba yana cewa, "Kun gani ko, abin ya kayar da shi, ku kama shi!"

Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa gaban maza ba. "Kada wanda ya taɓa shi! Zai tashi, ba zai ce uffan ba, zai koma kan toka ya faro daga farko!"

Shiru. Ban waiwaya ba. Na ji jan ƙafa a ƙasa, taku ɗaya, biyu, biyar. Liman ya ce a hankali, "Ya koma."

Munka faro. Wannan karon shamuwa ta tsaya, da ƙyar, an ce jini na bin diddigensa. Tsawa ta zo inda na ce. Da na kira na ashirin da bakwai na juyo, ga jikana tsaye, ƙafa biyu cikin toka, hannun dama cikin na hagu. Liman ya ɗaga carbi ya nuna wa sahun gaba inda yatsansa ya tsaya. Ya ce, "Wannan yaro lafiyarsa lau. A sallami mai mota."

Mutane sunka fara zamewa ɗaya ɗaya, har da shidan da sunka danne shi. Babba ya ce wa maƙeri ya kwashe ƙarfensa, ya juya zai bi su.

"Tsaya," na ce. "Akwai saura."

Na sa anka kawo ruwan ɗumi da gishiri a kwano, da tsumma mai tsabta. Matar Babba ta miƙo hannu za ta karɓa, na ce ba ita ta kira maƙeri ba. Na ajiye kwanon gaban ƙafar Habibu. Babba ya dube ni, ya dubi sauran mutanen da ba su tafi ba, ga shi mutum mai jikoki, mai rawani ranar Juma'a. Ban ɗauke idona ba. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya ɗora ƙafar ɗan ƙanensa bisa gwiwarsa ya fara wankewa. Habibu ya cije leɓe. Ni na riƙe kwanon, don rabin laifin nawa ne.

Nan tafiyata ta ƙare. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni cikin kwanakin da nike da su. Na gode wa Asabe da tuwonta da ƙafarta, da mai ƙosan Kebbe, da Bafulatanin da ban san sunansa ba, da Liman. Masta Bello ma na gode masa, amma na aika masa cewa ya gyara dokarsa kafin ya sake tura ɗan wani ƙauye. Maza shidan nan kuwa, har yau in sun gaishe ni ban amsawa, kuma babu wanda ya ce na taɓu.